Neman Kasancewar Allah: Ma'anarsa da Yadda Mai Bi Yake Yinsa

Neman kasancewar Allah shi ne mai bi ya maida zuciyarsa da lokacinsa da halinsa ga Ubangiji da gangan, domin ya san shi, ya ji maganarsa, ya kuma yi tafiya tare da shi. A wa'azi da addu'o'inmu mukan kira shi da sunaye dabam dabam: neman fuskar Ubangiji, kusantar Allah, shiga gaban Allah, ko zumunta da Allah. Duka abu ɗaya ake nufi.

Mun shirya wannan bayani domin dukan ikilisiyoyinmu, amma hankalinmu ya fi karkata ga 'yan'uwan da suke zaune su kaɗai, ko su biyu su uku, a ƙauyukan da Kiristoci ba su da yawa, irin su Mandera da sauran ƙauyukan Bodinga da Shagari a Jihar Sakkwato. Koyarwar a taƙaice ita ce: Allah ya riga ya yi alkawari zai kasance da mutanensa a duk inda suke, amma wanda ya naɗe hannu ba ya cin moriyar alkawarin. Sai an tashi an nema, kuma ana iya nema a ko'ina.

Ma'anar kalmar

A Ibrananci, harshen da aka rubuta mafi yawan Tsohon Alkawari da shi, kalmar da take nuna kasancewar Allah ita ce panim, wato fuska. Shi ya sa Zabura 27:8 da 105:4 da 2 Tarihi 7:14 suke maganar neman fuskarsa. Bahaushe ya san wannan salon magana. In wani ya sakar mana fuska, ya karɓe mu ke nan. In kuwa ya kau da ita, akwai abin da ya shiga tsakani. Talaka yana iya tsufa a ƙasar sarki, ƙarƙashin ikonsa, yana cin albarkacin mulkinsa, bai taɓa shiga fada ya faɗi gaisuwa ba. Neman fuskar Allah shi ne shiga fadar.

In Allah yana ko'ina, me ya sa ake nemansa?

Littafi Mai Tsarki yana maganar kasancewar Allah ta fuska uku, kuma rashin bambanta su yakan jawo ruɗani.

Ta farko, Allah yana ko'ina. Zabura 139:7-12 da Irmiya 23:23-24 sun nuna babu wani lungu a sama ko a ƙasa da mutum zai ɓuya masa. Wannan gaskiya ce ga mai bi da marar bi baki ɗaya, ba wanda ya nema kafin ta tabbata.

Ta biyu, Ruhu Mai Tsarki yana zaune a cikin duk wanda ya ba da gaskiya ga Yesu Almasihu (Yahaya 14:16-17, Afisawa 1:13-14, 1 Korantiyawa 6:19). Wannan kyauta ce ta alheri. Ba ta zuwa ranar Lahadi ta tafi ranar Litinin.

Ta uku ita ce zumunta: mutum ya san cewa yana gaban Allah, ya saurare shi, ya amsa masa, ya miƙa wuya. Wannan ce ake nema, ita ce kuma take ƙaruwa ko ta ragu. Yakubu ya kwana a Betel ya tada kai da dutse, sai da ya farka ya gane Ubangiji yana wurin tun da daɗewa, shi ne bai sani ba (Farawa 28:10-19). Miji da mata suna iya kwana a ɗaki ɗaya wata guda ba su yi hira ba. Auren yana nan, zumuntar ce ta mutu. Hausawa suna cewa rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. Rijiyar alherin Allah ba ta taɓa ƙafewa ba. Sau da yawa gugarmu ce take rataye a bango.

Wa ya fara nema?

Kada mu ɗauka mu ne muka fara. Da Adamu da Hawwa'u suka yi zunubi, ɓuya suka yi, Allah ne ya zo yana kira (Farawa 3:8-9). Bulus ya nuna cewa in an bar ɗan adam da halinsa, ba mai neman Allah ko ɗaya (Romawa 3:11). A Luka 15 makiyayi ne ya bi sawun tunkiya, mace ce ta kunna fitila ta share ɗaki saboda kuɗinta da ya ɓace. Yesu kansa ya ce abin da ya kawo shi shi ne neman ɓatattu da cetonsu (Luka 19:10).

Saboda haka neman Allah ba kuɗin sayen ceto ba ne. Amsa ce ta wanda aka riga aka nema aka samu. Wannan yana kare mu daga fahariya in addu'a ta yi mana daɗi, yana kuma kare mu daga fid da zuciya in ta yi mana nauyi.

A Tsohon Alkawari

Musa ya kafa alfarwa a bayan zango, duk mai neman Ubangiji sai ya bar bukkarsa ya taka zuwa can (Fitowa 33:7). A cikin surar nan Allah ya ce zai aiko da mala'ika ya kai jama'a ƙasar alkawari, amma shi kansa ba zai tafi tare da su ba. Musa bai yarda ba. Ya gwammace su zauna a jeji da su shiga ƙasa mai albarka ba tare da Mai albarkar ba (33:12-17). Wannan shi ne ma'aunin mai nema na gaske.

Littafin Tarihi na Biyu yana auna sarakunan Yahuza da wannan ma'auni. An ce Rehobowam ya aikata mugunta domin bai shirya zuciyarsa ga neman Ubangiji ba (12:14). Ba a ce ya ƙudura yin mugunta ba. Rashin shiri kaɗai ya ishe shi faɗuwa. Asa ya fara da kyau, amma a ƙarshen mulkinsa ya dogara ga sarkin Suriya, ya kuma manta da Ubangiji cikin ciwonsa (sura 14 zuwa 16). Yosiya kuwa ya fara nema a shekara ta takwas ta sarautarsa, yana ɗan shekara 16 (34:1-3). Ƙuruciya ba ta hana nema, tsufa cikin bangaskiya kuma ba ya ɗauke wa mutum wajibcinsa.

Darasin da ya fi shafar 'yan'uwa na nesa shi ne na zaman bauta a Babila. An kwashe mutanen Yahuza a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, bayan kamar shekara goma kuma aka rushe Haikali. Ba bagade, ba hadaya, ba taron idi. A wannan hali ne Irmiya ya rubuta musu wasiƙa cewa za su sami Allah in sun neme shi da zuciya ɗaya (29:10-14). Ta bakin Ezekiyel kuma Allah ya ce shi kansa zai zama musu wuri mai tsarki a ƙasashen da suka warwatsu (11:16). Daniyel ya riƙe wannan: sau uku a rana yana durƙusawa a ɗakinsa, ko da doka ta hana (6:10).

A Sabon Alkawari

Bisharar Matiyu ta buɗe da sunan Immanuwel, wato Allah yana tare da mu (1:23), ta rufe da alkawarin Yesu na kasancewa da almajiransa har matuƙar zamani (28:20). A tsakani, sa'ad da ya mutu a kan gicciye, labulen Haikali ya tsage daga sama har ƙasa (27:51). Wurin da babban firist kaɗai yake shiga, sau ɗaya a shekara, ya zama a buɗe. Ibraniyawa 10:19-25 ta ɗora umarni uku a kan wannan: mu matso kusa, mu riƙe begenmu, kada kuma mu daina taruwa.

Matar Samariya ta tambayi Yesu ko a dutsensu ake sujada ko a Urushalima. Ya amsa mata cewa lokaci ya yi da ba wuri ne zai zama abin dubawa ba, Uba yana neman masu yi masa sujada cikin ruhu da gaskiya (Yahaya 4:19-24). Haka kuwa aka gani. A Filibi, Bulus ya tarar da mata suna addu'a a bakin kogi, daga baya shi da Sila suka yi waƙar yabo a kurkuku da tsakar dare (Ayyukan Manzanni 16). Ikilisiyoyin farko a gidaje suke taruwa (Romawa 16:5, Filimon 2). Yahaya yana tsare a tsibirin Batmusa lokacin da ya ga Ubangiji cikin ɗaukakarsa (Wahayi 1:9-18).

Yesu kansa, wanda ba abin da ya taɓa shiga tsakaninsa da Uba, yakan tashi tun da sauran duhu ya keɓe don addu'a (Markus 1:35, Luka 5:16). In Ɗan ya ware lokaci, wane uzuri ne bawa zai kawo?

Hanyoyin da Allah ya tanada

Maganar Allah. Nan ne Allah yake magana da mu a fili. Littafi Mai Tsarki yana da littattafai 66 da surori 1,189. Mai karanta sura uku zuwa huɗu a rana zai sauke shi cikin shekara. Sabon Alkawari yana da surori 260, wato sura ɗaya a rana, kwana biyar a mako, ta isa a gama shi cikin mako 52. Zabura biyar a rana tana kai mutum ƙarshen littafin cikin kwana 30. Amma yawan karatu ba shi ne manufa ba. Mu karanta a hankali, mu yi bimbini, mu tambayi kanmu: me wannan wuri ya nuna game da Allah, me ya tona a cikina, me zan yi yau? Wanda bai iya karatu ba ya saurara. Akwai Littafi Mai Tsarki na Hausa cikin murya da ake sa wa a waya, yaro ɗan makaranta kuma yana iya karanta wa kakarsa.

Addu'a. Yesu ya koyar a shiga ɗaki a rufe ƙofa (Matiyu 6:6). Abin da ake bukata shi ne lokaci tsayayye da wurin da hankali zai kwanta. Addu'ar Ubangiji ta ba mu tsari: sunan Allah da mulkinsa da nufinsa tukuna, sa'an nan abincinmu, gafararmu, da tsaronmu. Mu bar ɗan lokaci na shiru, gama wanda yake ta surutu ba ya jin amsa.

Tuba da biyayya. Ishaya 59:1-2 ta nuna ba gajartar hannun Allah ce matsala ba, zunubi ne yake shiga tsakani. Yakubu 4:8 ta haɗa kusantar Allah da tsarkake hannu da zuciya. Yesu ya ce wanda ya kawo baiko ya tuna ɗan'uwansa yana da ƙara a kansa, ya fara zuwa ya shirya da shi (Matiyu 5:23-24). Mai tauye mudu a kasuwa, da mai cin amanar kuɗin aiki, da mai dukan matarsa, ba kwanan addu'a suke bukata da farko ba. Tuba suke bukata, da maida abin da suka ƙwace.

Zumunta da Jibin Ubangiji. Masu bi na farko sun lizimci koyarwar manzanni, da tarayya, da gutsuttsura gurasa, da addu'a (Ayyukan Manzanni 2:42). Almajirai biyu na hanyar Imuwasu sun gane Ubangiji a wajen gutsuttsura gurasa (Luka 24:30-31). Itace ɗaya in an zare shi daga murhu, ba ya daɗewa yake mutuwa.

Azumi. Ikilisiyar Antakiya tana sujada da azumi sa'ad da Ruhu ya keɓe Barnaba da Shawulu (Ayyukan Manzanni 13:2-3). Azumi ba ya tilasta wa Allah yin kome. Ajiye abinci ne don a ba neman Allah wuri. Ishaya 58 ta haɗa shi da ciyar da mayunwata da sakin waɗanda aka danne. Masu ciki, masu shayarwa, da masu ciwon sukari ko gyambon ciki su nemi shawarar ma'aikacin lafiya, musamman a watannin zafi.

Aikin yau da kullum. A birnin Paris na Faransa an yi wani mai ibada da aka sani da Ɗan'uwa Lawrence, wanda ya rasu a 1691. Shekaru da yawa aikinsa dafa abinci ne da wanke tukwane, ya kuma koya wa kansa yin magana da Allah a cikin aikin, har madafa ta zama masa kamar ɗakin sujada. Mai noman gero, da mai ban ruwan albasa a fadama, da malamar aji, da mai surfe, duka suna iya haka: gajeriyar godiya, aya ɗaya da aka haddace, roƙo don wanda ya zo wucewa.

Abin da tarihin ƙasarmu ya nuna

A 1913 waɗansu daga zuriyar Isawa, jama'ar da suka gāji girmama Annabi Isa daga kakanninsu, suka zo wurin Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya suna neman ƙarin sani game da shi. Aka kafa musu mazauni a Gimi. Ciwon barci ya hallaka da yawa a cikinsu, amma waɗanda suka ragu suna cikin tushen jama'ar Kirista ta Wusasa. Hasken da suke da shi kaɗan ne, amma sun bi shi da ƙafa. Miller ɗin nan yana cikin waɗanda suka fi ɗawainiya da fassarar cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda ya fito a 1932.

A ƙasar Sakkwato, gwamnatin mulkin mallaka ta daɗe tana taƙaita aikin mishan a masarautu. A ƙarshen shekarun 1930 ne mishan ɗin SIM ta karɓi aikin jinyar masu ciwon kuturta a Amanawa, kudu da birnin Sakkwato, kamar yadda ta yi a lardunan Kano da Katsina. A irin waɗannan wurare mutanen da jama'a ta guda suka sami magani, waɗansu suka koyi karatu, suka ji bishara. Wanda ya warke ya koma garinsu, sau da yawa ba ya tarar da majami'a ko fasto. Abin da yake hannunsa shi ne littafi, da waƙoƙin da ya haddace, da addu'a.

A farkon shekarun 1960 kuma aikin Sabon Rai Don Kowa ya bazu a ikilisiyoyin Arewa. Ƙashin bayansa ƙananan ƙungiyoyin addu'a ne da suke taruwa a gidaje kafin a fita wa'azi. Zumuntar Mata ma ta daɗe tana riƙe da wannan wuta a ikilisiyoyinmu. Iyayenmu cikin bangaskiya ba su jira babban gini da lasifika ba.

Mai bi da yake nesa da majami'a

Yawancin majami'un Jihar Sakkwato suna cikin birni da manyan garuruwa. Amma aiki yakan kai mai bi ƙauye: malamin makaranta, ma'aikaciyar asibiti, ɗan bautar ƙasa, ɗan sanda, mai sana'a. Wanda aka tura ƙauye irin Mandera, a yankin da hanyar Sakkwato zuwa Jega ta ratsa, yana iya yin makonni bai ji wa'azi ba. Haɗarin da ya fi kama irin wannan ɗan'uwa shi ne sanyi, kuma a hankali yake shiga. Lahadi ta zama ranar wanki, Littafi ya koma ƙasan akwati, bayan shekara biyu mutum ba ya iya faɗin ranar da ya daina addu'a. Ga shawarwarinmu.

Ka tsai da lokaci. Maƙwabtanka Musulmi suna tashi da asuba, suna kiyaye lokutan sallarsu biyar a rana, ko ana ruwa ko ana sanyi. Mai bi da ba shi da lokacin tsayuwa gaban Allahnsa, mutane za su ɗauke shi marar addini, ba kuwa za a ga laifinsu ba. Ba don a gan mu muke yi ba, amma asuba lokaci ne mai kyau: gari shiru, zafi bai taso ba, waya ba ta fara ƙara ba. Kiristocin Koriya sun riƙe addu'ar asuba tun zamanin farkawar Pyongyang ta 1907, har yau suna kanta.

Ka kiyaye ranar Ubangiji ko kai kaɗai ne. Ka yi wanka, ka sa tufafi masu kyau, ka zauna da iyalinka a sa'ar da ikilisiya take taruwa. Ku yi waƙa, ku karanta Zabura ɗaya da sura ɗaya ta Bishara, ku yi addu'a, ku ware baiko ku ajiye.

Ka nemi ɗan'uwa na biyu. Alkawarin Matiyu 18:20 na mutum biyu ko uku ne. Ka tambaya a makaranta, a asibiti, a ofishin ƙaramar hukuma, a kasuwa. Kada bambancin ɗarika ko na yare ya hana ku durƙusawa tare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ka ware kuɗin mota. Ko sau ɗaya a wata, ka je inda ikilisiya take taruwa, ka ci Jibin Ubangiji, fasto ya san fuskarka da inda kake zaune.

Ka nemi alherin garin. Irmiya ya umarci 'yan bauta su yi wa Babila addu'a, su nemi zaman lafiyarta (29:7). Ka gai da mai gari da dattawa, ka je gaisuwar mutuwa da barkar haihuwa, ka yi aikinka da gaskiya, ka guji gardama da maganar raini ga addinin kowa. In an tambaye ka dalilin begenka, ka amsa da tawali'u da ladabi (1 Bitrus 3:15-16).

Akwai nauyi kuma a kan ikilisiyoyin birni. Dattawa su rubuta sunayen membobinsu da aka tura ƙauyuka, su riƙa kiransu a waya, su kai musu ziyara. Tunkiyar da take nesa da garke ita kura take fara gani.

Kurakuran da za mu guje wa

Na farko, auna kasancewar Allah da motsin jiki ko ƙarar kiɗa. Hawaye da murna suna iya zuwa, ba laifi ba ne. Amma a Dutsen Horeb Iliya bai sami Ubangiji a cikin iska ko girgizar ƙasa ko wuta ba, sai a cikin 'yar murya marar ƙarfi (1 Sarakuna 19:11-13).

Na biyu, ɗaure Allah ga wani dutse, ko wani mutum, ko ruwa da mai da ake sayarwa. Amos ya gaya wa Isra'ila su nemi Ubangiji, su bar zarya zuwa Betel da Gilgal, su kuma tsai da gaskiya a wurin shari'a (5:4-15). Bitrus ya tsauta wa Saminu da ya so sayen baiwar Allah da kuɗi (Ayyukan Manzanni 8:18-23).

Na uku, neman abin hannun Allah ba tare da neman Allah ba. Yesu ya faɗa wa taron da suka bi shi hayin teku cewa gurasar da suka ci ce ta kawo su (Yahaya 6:26). Roƙon abinci da lafiya da aiki daidai ne, amma ɗan da ba ya zuwa wurin mahaifinsa sai ranar karɓar kuɗi, bai san mahaifinsa ba.

Na huɗu, karɓar kowane mafarki ko murya ba tare da gwaji ba. An umarce mu mu gwada ruhohi (1 Yahaya 4:1). Abin da ya saɓa wa Littafi Mai Tsarki ba daga Allah yake ba, ko wane ne ya faɗe shi.

Na biyar, ɗaukar zuwa majami'a a matsayin neman Allah. Ganin Dala ba shiga birni ba ne. Mutum yana iya zama a benci na gaba shekara ashirin, zuciyarsa tana kasuwa.

In an nema ba a ji kome ba

Kowane mai bi yakan shiga lokacin fari. Addu'a ta zama kamar magana da bango, karatu ba ɗanɗano. Zabura 13, 42 da 88 addu'o'in mutanen da suka shiga wannan hali ne, kuma Allah ya sa aka ajiye mana su. Mu fara bincika ko akwai zunubin da muke ɓoyewa ko wanda muka ƙi yafe wa. Mu duba jiki kuma, gama gajiya da yunwa da ciwo da baƙin ciki suna dushe zuciya. Kafin Allah ya yi magana da Iliya, sai da aka ba shi abinci ya yi barci (1 Sarakuna 19:5-8). In ba mu sami kome ba, mu ci gaba. Manomin ƙasar Sakkwato yakan gyara gona ya kai taki tun sama ba ko gajimare, domin ya san damina tana zuwa. Alkawarin Ibraniyawa 13:5, cewa Allah ba zai bar mu ko ya yashe mu ba, bai dogara ga abin da muke ji ba.

Yadda ake gane mai neman Allah

Ba a gane shi da tsawon addu'arsa ko yawan wahayin da yake ba da labari. Da Musa ya sauko daga dutse fuskarsa tana annuri, shi bai sani ba, jama'a ne suka gani (Fitowa 34:29-30). Haka yake har yau. Matar mutum da 'ya'yansa da abokan aikinsa su ne suke fara lura: fushi ya ragu, ƙarya ta zama abin ƙyama, hannu ya saku ga mabukata, tsoro ya daina mulki. Waɗannan ne 'ya'yan Ruhu da Galatiyawa 5:22-23 ta lissafta, kuma reshen da yake manne da kuringa ne kaɗai yake ba da su (Yahaya 15:4-5).

Nemanmu yana da ranar ƙarewa. Wahayi 21:3 da 22:4 sun nuna ranar da Allah zai zauna tare da mutanensa, bayinsa kuma su ga fuskarsa. Kafin ranar, ɗan'uwa, 'yar'uwa, ko kana cikin taron dubu a birni, ko kina ke kaɗai a ɗakin haya a Mandera, ƙofa ɗaya ce, Almasihu kuwa ya riga ya buɗe ta. Ka zaɓi sa'arka tun yau, ka ɗauko Littafinka, ka fara gobe da asuba. Mai nema yana tare da samu.